VAMP: furotin ɗin da ya haɗa cutar tetanus da dafin botulinum

A watan Maris na 2023 hukumomin lafiya a Turai suka sanar cewa mutum fiye da 60 sun kamu da shanyewar jiki bayan an yi musu allurar dafin botulinum a bangon tumbi, a wasu asibitoci a Turkiyya, da nufin rage ƙiba. A 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da irin wannan sanarwa game da waɗanda aka yi wa allurar gyaran fuska ta wannan dafi, wadda aka fi sani da Botox, da kayan jabu, ko a hannun mutanen da ba su da lasisi. A 2025 Ingila ma ta ga nata. Duk sa'ad da irin wannan labari ya fito, tambayar mai karatu ba ta wuce guda: ta yaya abin da likita ke rubutawa a matsayin magani zai zama shi ne dafin da ya fi kowane dafi da aka sani ƙarfi?

Amsar tana can cikin ƙwayar jijiya, a wajen wasu furotin ƙalilan masu haɗa 'yan jakunkunan saƙo da bangon ƙwayar. Ɗaya daga cikinsu shi ne VAMP, wanda kuma ake kira sinaftobirebin. Shi ne kuma furotin ɗin da dafin tetanus, wato cutar sarƙe haƙora, yake yankewa. Wanda ya fahimci aikinsa zai gane dalilin da ya sa cututtukan nan biyu, tetanus da cutar botulinum, suke da wuyar magani idan sun riga sun kama, da dalilin da ya sa ake matsa wa masu ciki kan allurar rigakafi.

Jakunkunan da ke cikin ƙwayar halitta

Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum tana lulluɓe da tantani na maiƙo, cikinta ma an rarraba shi da irin wannan tantani. Abin da ke narkewa a ruwa ba ya ratsa maiƙo. Don haka idan ƙwayar ta ƙera wani abu da za ta tura waje, kamar insulin ko sinadarin da jijiya ke aika wa tsoka, sai ta ƙunshe shi a cikin 'yar jaka da aka yi da tantanin. Jakar ta tafi bakin ƙwayar, tantaninta ya haɗe da na bango, abin da ke ciki ya zube waje.

Jakar da ke bakin jijiya faɗinta kusan nanomita 40 ne. In aka jera 25,000 za su cika milimita ɗaya. A jikin kowace akwai VAMP kusan 70 bisa ƙiyasin da aka yi a Jamus a 2006. Shi kansa VAMP gajere ne: nau'in da ya fi yawa a ƙwaƙwalwa, VAMP2, amino asid (tubalan da ake gina furotin da su) 116 ne kacal, gindinsa a soke cikin tantanin jakar, sauran jikinsa yana waje.

Wuyar aikin ita ce tantani biyu ba sa haɗewa don kansu. Ruwa yana tsakaninsu, kuma suna ture juna. Sai an sami ƙarfin da zai matse su, a daidai wurin da ake so, a daidai lokacin da ake so.

Yadda aka kai ga gano shi

Bernard Katz ya nuna a Landan cewa jijiya tana sakin sinadarinta ƙunshi-ƙunshi ne, kuma kalsiyam ne ke tayar da sakin. Ya sami kyautar Nobel a 1970. George Palade ya bi sawun furotin daga inda ake ƙera shi har fitarsa waje, ya sami tasa a 1974. Amma babu wanda ya san abin da ke haɗa jakar da bango.

Hanyoyi uku ne suka haɗu a kan amsar. Randy Schekman a Berkeley ya yi aiki da yis, irin wanda ake kumbura burodi da shi, kuma a 1980 shi da ɗalibansa suka bayyana ƙwayoyin gado 23 waɗanda in ɗaya ta lalace, jakunkuna ke taruwa a cikin ƙwayar ba su fita. James Rothman ya farfasa ƙwayoyin dabbobi ya sake haɗa tafiyar jakunkunan a cikin kwalbar gwaji, har ya tsamo furotin ɗin da ake kira NSF a 1988. Su kuma masu nazarin jijiya suna ta tantance furotin ɗin da ke jikin jakar: ɗakin binciken Richard Scheller ya bayyana VAMP a 1988 daga wani kifin teku mai lantarki a jiki, Reinhard Jahn da Thomas Südhof suka same shi a 1989 a dabbobi masu shayarwa. An gano SNAP-25 a 1989, sintaksin kuma a 1992, dukansu a bangon ƙwayar.

A lokacin an san sunayensu, ba a tabbatar da aikinsu ba. Dafi ne ya tabbatar. A 1992 Giampietro Schiavo da Cesare Montecucco a jami'ar Padua ta Italiya suka nuna cewa dafin tetanus da dafin botulinum nau'in B ba abin da suke yi a cikin jijiya sai yanka VAMP. A 1993 ɗakin binciken Rothman ya nuna cewa VAMP da SNAP-25 da sintaksin suna ɗaurewa wuri ɗaya, aka raɗa wa dangin suna SNARE. A 2013 aka ba Rothman da Schekman da Südhof kyautar Nobel kan wannan fanni.

Yadda haɗuwar take faruwa

Hoton da aka fitar a 1998 ya nuna cewa furotin ɗin uku suna murɗewa da juna kamar tufkar igiya mai zare huɗu: zare ɗaya daga VAMP na jikin jaka, ɗaya daga sintaksin, biyu daga SNAP-25. Tufkar tana farawa daga can ƙarshen zaren, tana matsowa zuwa gindi. Tunda gindin VAMP yana cikin jaka, na sintaksin kuma yana cikin bango, duk murɗa ɗaya tana ƙara jawo tantanin biyu kusa, har su haɗe. Bayan an gama, NSF ne ke kashe kuzari ya warware tufkar, VAMP ya koma cikin sabuwar jaka don zagaye na gaba.

A jijiya akwai ƙarin dabara. Ana fara murɗar a tsayar da ita a tsakiya, jakar tana manne da bango tana jira. Da saƙon lantarki ya iso, kalsiyam ya kwararo ciki, wani furotin na jikin jakar mai suna sinaftotagmin ya kama shi, sai murɗar ta ƙarasa. Daga shigar kalsiyam zuwa buɗewar jaka bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Ƙifta ido da haɗiyar yawu da kowane jan numfashi suna bisa wannan. Ɓerayen da aka cire wa VAMP2 a wani gwaji na 2001 mutuwa suka yi da haihuwarsu.

Aikin bai tsaya a jijiya ba. A jikin mutum akwai SNARE kusan iri 40, kowane da sashen da yake aiki. VAMP2 yana cikin masu sakin insulin bayan an ci abinci. A tsoka da kitse kuma, idan insulin ya iso, shi ne ke haɗa jakunkunan da ke ɗauke da GLUT4, furotin ɗin da ke shigar da sukari, da bangon ƙwayar. A ciwon sukari nau'i na biyu GLUT4 ba ya isa bango yadda ya kamata, shi ya sa masu bincike ke sa ido kan wannan hanya, ko da yake cutar tana da musabbabai da yawa da suka wuce ta.

Yanka ɗaya, cuta biyu

Bakteriya biyu 'yan gida ɗaya ne ke yin dafin: Clostridium tetani da Clostridium botulinum. Dukansu suna zaune a ƙasa a matsayin iri mai tauri da ke jure zafi da fari shekara da shekaru, kuma ba sa tsira sai inda babu iska. Dafin kowanne kashi biyu ne. Kashi mai nauyi yana kama bakin jijiya, shi ya sa dafin ba ya shiga sauran ƙwayoyin jiki duk da su ma suna da VAMP. Kashi maras nauyi shi ne mai yanka. Dafin botulinum yana kama furotin ɗin jakar ne a lokacin da ta buɗe a bango, jijiyar ta haɗiye shi da kanta sa'ad da take mayar da jakar ciki.

Dafin botulinum yana da nau'i bakwai sanannu, daga A zuwa G. B da D da F da G suna yanka VAMP. A da E suna yanka SNAP-25, C kuma yana yanka sintaksin da SNAP-25. Nau'in A, wanda ke cikin Botox, amino asid 9 kawai yake gutsurewa daga jelar SNAP-25, kuma hakan ya isa ya hana jaka buɗewa.

Dafin tetanus da botulinum B suna yanka VAMP2 a wuri ɗaya tak, tsakanin amino asid na 76 da na 77. Duk da haka mai tetanus sandarewa yake yi, mai cutar botulinum kuwa jikinsa saki yake yi. Bambancin yana ga jijiyar da aka yi yankan a cikinta.

Dafin botulinum yana tsayawa a bakin jijiyar da ke umartar tsoka. Umarni ya daina isa, tsoka ta saki. Abin yana farawa daga sama: fatar ido ta faɗo, gani ya zama biyu-biyu, haɗiya da magana su yi wuya, sannan ya sauko hannuwa da ƙirji. Yawanci babu zazzaɓi, kuma mutum yana cikin hayyacinsa. In daga abinci ne, alamun kan bayyana cikin awa 12 zuwa 36.

Dafin tetanus ta wannan bakin yake shiga, amma ba ya yin aiki a nan. Yana bin cikin jijiyar a hankali har laka, ya tsallaka zuwa wasu ƙananan jijiyoyi waɗanda aikinsu shi ne hana tsoka motsi in ba a buƙata, ta hanyar sakin sinadaran GABA da gilisin. Can yake yanka VAMP. Da mai hanawa ya yi shiru, sai umarnin motsi ya yi ta zuwa ba tsayawa, tsokar da ke miƙe gaɓa da mai lanƙwasa ta su ja lokaci guda. Muƙamuƙi kan riga sauran jiki saboda jijiyoyinsa gajeru ne, dafin ya fi saurin kaiwa. Daga nan wuya ya sandare, baya ya bankare, ƙara kaɗan ko haske ko taɓawa su tayar da fizga. Wannan doguwar tafiya ce ta sa alamun ke ɗaukar kwana 3 zuwa 21 bayan rauni.

Daga guba zuwa magani

Likitan Jamus Justinus Kerner ya rubuta bayanin cutar botulinum tsakanin 1817 da 1822, a wajen mutanen da suka ci naman da ake ɗurawa a hanji a ajiye, har ya yi hasashen za a iya amfani da kaɗan daga gubar a kwantar da jijiyar da ta cika aiki. Émile van Ermengem ya gano bakteriyar bayan wata ɓarkewa a ƙauyen Ellezelles na Beljiyam a 1895. Likitan ido Alan Scott na San Francisco ne ya fara yi wa masu harara-garke allurarta, don a sassauta tsokar da ke jan ido gefe. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da hakan a 1989, ta amince da ita don tamojin tsakanin gira a 2002, don ciwon kai na ɓari ɗaya mai yawan dawowa a 2010. Ana kuma yin ta ga masu ƙagewar tsoka bayan shanyewar ɓarin jiki.

Abin da ya raba magani da guba a nan shi ne adadi da wuri. An ƙiyasta cewa nanogiram 1 zuwa 2 (nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram) a kowane kilo na nauyin mutum, in ya shiga jini, ya isa kisa. Likita yana sa ƙasa da haka nesa, a cikin tsoka guda, tasirin ya ɗauki wata 3 zuwa 4 kafin jijiyar ta farfaɗo. Kwalbar jabu ba wanda ya san adadin da ke cikinta, nan ne haɗarin yake.

Inda masana suka saɓa

Saɓani na farko kan wanda ke zaɓar inda jaka za ta sauka ne. Ra'ayin Rothman na 1993 shi ne SNARE na jaka da na bango su ne ke gane juna, kuma a 1998 ɗakin bincikensa ya nuna cewa su kaɗai, in aka sa su a tantanin da aka haɗa a ɗakin gwaji, suna iya haɗa shi. Masu ja da wannan sun ce haɗuwar ta gwaji tana da jinkiri ƙwarai in aka gwada da ta jijiya, kuma SNARE da yawa suna kama abokan da ba nasu ba. Hujjarsu mai ƙarfi ta zo a 2000, da aka cire wa ɓeraye wani furotin mai suna Munc18-1: jijiyoyinsu suka daina sakin komai, alhali SNARE ɗinsu lafiya lau. Inda mafi yawa suka tsaya yau shi ne SNARE ne ke ba da ƙarfi, amma zaɓin wuri da shirya murɗar aikin haɗin gwiwa ne da wasu furotin, irin su Munc18 da Munc13 da dangin Rab.

Na biyu ya faro tun 1973. John Heuser da Thomas Reese sun ce jakar tana narkewa gaba ɗaya cikin bango, sai daga baya a sake ƙera ta. Bruno Ceccarelli ya ce tana iya buɗe ɗan ƙaramin rami, ta zubar, ta rufe, ta koma. An ga salon biyu a ƙwayoyi daban-daban, amma har yanzu ana jayayya kan wanda ya fi yawa a ƙwaƙwalwa.

Na uku ya fi shafar marasa lafiya: shin Botox yana tsayawa inda aka sa shi? A 2008 masu bincike a Pisa sun yi wa ɓeraye allurar a fuska, suka tarar da yankakken SNAP-25 a gindin ƙwaƙwalwa. Wasu suka ɗauki hakan alamar dafin yana bin jijiya kamar na tetanus. Wasu suka ce adadin da aka ba ɓerayen da yanayin gwajin ba su yi daidai da na asibiti ba, kuma shekarun da aka shafe ana amfani da shi ba su nuna lahani a ƙwaƙwalwar mutane ba. A 2009 FDA ta wajabta sa gargaɗi a kwalin maganin cewa tasirinsa na iya bazuwa nesa da wurin allura, har ya taɓa haɗiya da numfashi, amma ba ta janye shi ba.

Idan lahanin na gado ne

Ba dafi kaɗai ke taɓa wannan tsari ba. A 2008 aka danganta lahani a ƙwayar gadon da ke ƙera Munc18-1 da wata farfaɗiya mai tsanani da ke kama jarirai tun watannin farko. A 2019 aka bayyana yaran da ke da lahani a VAMP2 kansa, masu sanyin jiki tun haihuwa da jinkirin magana da fahimta. Irin waɗannan yawanci sabon canji ne da ya faru a yaron, iyaye ba su ɗauke da shi. A ƙwayoyin garkuwar jiki kuma, lahani a sintaksin 11 ko Munc13-4 yana hana su sakin jakunkunan da suke kashe ƙwayar da cuta ta shiga, sai garkuwar ta yi ta ruruwa da zazzaɓi da kumburin hanta da saifa. Wannan kam sai yaro ya gado daga uwa da uba. Duka cututtuka ne da ba a cika gani ba, kuma sai da gwajin ƙwayoyin gado ake tabbatar da su.

Abin da wannan ke nufi a gida da asibiti

Maganin kashe dafin tetanus, ko ATS da ake samu daga jinin doki ko TIG na jinin mutum, yana kama dafin da ke yawo a jini ne kawai. Wanda ya riga ya shiga jijiya ya wuce inda maganin zai kai, kuma zai ci gaba da yanka har ya ƙare don kansa. Shi ya sa jinyar tetanus take ɗaukar makonni: a wanke rauni, a ba da maganin kashe bakteriya irin su metronidazol, a kwantar da fizga da diazepam ko magnesiyam, a ajiye maras lafiya a ɗaki mai duhu da shiru, in numfashi ya gaza a sa shi a na'ura. Inda babu na'urar, mutuwa tana yawa.

A nan mutane kan rikita allura biyu. ATS kariya ce ta aro mai gushewa cikin kwanaki ko makonni kaɗan. Allurar rigakafi, TT ko Td, dafi ne da aka kashe wa ƙarfi, tana koya wa jiki ya yi tasa kariyar, amma sai an maimaita ta. Wanda ya warke daga tetanus ma yana buƙatarta, domin adadin dafin da ke kwantar da mutum bai kai wanda zai koya wa garkuwa komai ba. Tsatsa kuma ba ita ke kawo cutar ba. Ƙusa ko ƙaya ko fartanya tana tura ƙasa ko kashin dabbobi ne cikin rami mai zurfi inda babu iska.

Ga jariri, ƙofar shigar ita ce cibiya: rezar da ba sabuwa ba, zaren da ba shi da tsabta, ko abin da aka shafa a kai. Kayan wanzami da ba a dafa ba, wajen cire beli ko kaciya, su ma hanya ce. Alamun kan fito tsakanin kwana 4 da 14, sau da yawa dab da ranar suna: jaririn da ke shan nono lafiya ya kasa kama mama, jikinsa ya sandare. Kariyarsa daga uwa take zuwa ta mahaifa, in an yi mata Td sau biyu a lokacin ciki da tazarar aƙalla mako 4. Allura biyar a jere bisa jadawali suna kare mace tsawon shekarun haihuwarta. Shi kuma yaron yana karɓar tasa a cikin allurar rigakafi ta Penta a mako 6 da 10 da 14. A Najeriya ana ba da shawarar shafa maganin chlorhexidine a cibiya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta jarirai 787,000 ne tetanus ya kashe a 1988, adadin ya sauko zuwa kusan 25,000 a 2018. Ma'aunin kawar da cutar shi ne waɗanda ke kamuwa da ita su zama ƙasa da jariri 1 cikin 1,000 da aka haifa a kowace gunduma. Ghana ta kai ma'aunin a 2011, Kamaru a 2012, Nijar a 2016, Chadi a 2019. Zuwa 2024 Najeriya da Sudan suna cikin ƙasashe kusan goma da suka rage. Kai wa ma'aunin ba ya nufin an huta, tunda irin bakteriyar yana cikin ƙasa, ba daga mutum zuwa mutum yake yaɗuwa ba, kuma rigakafin maƙwabci ba ya kare kowa.

Ta ɓangaren botulinum, dafin da ke cikin abinci yana lalacewa in an dafa shi ya wuce digiri 85 na tsawon minti 5, amma irin bakteriyar yana jure tafasa. Gwangwanin da ya kumbura zubarwa ake yi, ba a ɗanɗana shi. Zuma na iya ɗaukar irin, kuma hanjin jariri bai yi ƙarfin hana shi tsira ba, don haka hukumomin lafiya ke cewa kada a ba yaro zuma sai ya cika shekara 1, ko da ɗan lasa ne. Makiyaya ma abin ya shafe su: nau'in C da D suna kama shanu da kaji, musamman shanun da ƙarancin fosfaras a ciyawa ya sa suke tauna ƙasusuwan mushe, abin da aka tabbatar a Afirka ta Kudu tun farkon ƙarni na 20.

Wanda aka yi wa allurar Botox ya ga fatar idonsa ta faɗo sosai, ko haɗiya da numfashi sun fara yi masa wuya a kwanakin da suka biyo baya, asibiti zai nufa nan take ya faɗi abin da aka yi masa, domin maganin kashe dafin yana da amfani ne gwargwadon saurin ba da shi. Neman abin da zai bi dafin har cikin jijiya yana nan ana yi. A farkon 2021 ƙungiyoyin bincike biyu a Amurka suka wallafa gwajin da suka ɗauki dafin botulinum da aka kashe wa kaifi, suka ɗora masa ɗan ƙaramin furotin mai kama kashi mai yanka, ya shiga jijiya ta ƙofar da dafin ke bi. Dabbobin da suka riga suka fara shanyewa sun farfaɗo. A kan dabbobi aka yi gwajin, maganin bai kai ga asibiti ba tukuna.